Makuwa Da Sanyi A Farautar Barewa: Yadda Ake Kwana A Dajin Arewacin Amurka A Fito Da Rai

A jihar Mishigan ta Amurka ana buɗe farautar barewa da bindiga ranar 15 ga Nuwamba, a rufe ranar 30. A Wiskonsin kwana 9 ne kacal, daga Asabar ɗin da ke gaban bikin godiyarsu na ƙarshen watan. Minesota kan riga su da kamar mako ɗaya ko biyu. Wato dai dukkansu a bakin hunturu suke, lokacin da rana ke faɗuwa tsakanin ƙarfe 4 da kwata zuwa 5 da 'yan mintuna, dare kuma ya haura awa 14. Barewar can mai farar wutsiya ce, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, don ƙosasshen namiji yakan haura kilo 90. Dajin ma ba irin namu ba ne da za ka hango kuka ko giginya daga nesa ka yi alama da ita. Bishiyoyi ne cunkus, kowace kamar 'yar'uwarta, ga fadamu masu lumtsa ƙafa, ga gajimare da kan rufe rana kwana da kwanaki.

Wanda ya tashi a Kano ko Maradi ya san ɗari, amma ɗarinmu busasshe ne, safiyar hunturu takan sauka wajen digiri 10 zuwa 15, da hantsi ya ɗaga sai a tuɓe rigar sanyi. Na can jiƙaƙƙe ne. Abin da ke kayar da mafarauci ba sai awo ya yi ƙasa da sifili ba. Digiri 4, da yayyafi, da iska, da rigar da gumi ya jiƙa, sun isa. Ranar 11 ga Nuwamba 1940 gari ya waye da ɗumi a Minesota, maharban agwagwa suka fita bakin kogin Misisifi da tufafi marasa nauyi, kafin dare guguwar dusar ƙanƙara ta rufe su. Mutum 49 suka mutu a jihar kaɗai, da yawansu mafarauta ne. A kula kuma, hasashen yanayi na can da ma'aunin Farenhait ake ba da shi: 50 shi ne digiri 10 namu, 32 shi ne sifili, 14 kuma digiri 10 ƙasa da sifili.

Yadda ake yin makuwa

Kusan kullum hanya ɗaya take bi. Barewa ta fi yawo da asuba da kuma gab da magariba, don haka sau da yawa da yamma ake harbin. An harba, ba ta faɗi nan take ba, ta ruga ta shige fadama mai duhun itatuwa, domin nan ne mafakarta. Mafarauci ya duƙa yana bin ɗigon jini, idonsa a ƙasa, ya yi dama ya yi hagu yadda dabbar ta yi, bai ɗaga kai ya dubi bayansa ko sau ɗaya ba. Bayan minti 40 jini ya ɗauke. Ya miƙe, ya waiwaya, ko'ina iri ɗaya. Jakarsa kuwa tana can gindin bishiyar da ya yi kwanto, saboda da zai tashi cewa ya yi yanzu zai dawo.

Daga nan sai ya kama tafiya inda zuciyarsa ta ba shi. A 2009 masu bincike na cibiyar Max Planck da ke Jamus sun saka wa mutane na'urar bin sawu, suka ce su miƙe sosai a wani daji na Jamus, wasu kuma a Saharar Tunisiya. Waɗanda ke ganin rana sun tafi kusan a miƙe. Waɗanda gajimare ya rufe wa rana zagaye suka riƙa yi, suna ratsa sawunsu ba su sani ba, alhali kowa yana rantsuwa a miƙe yake tafiya. Ƙwarewa ba ta hana wannan. Ƙafa ba ta da alƙibla sai an ba ta abin bi.

Saboda haka bin sawun jini yana da ƙa'ida. Da ka harba, kada ka tashi. Yi alamar inda kake tsaye da inda dabbar take lokacin harbin, ka dubi kamfas (na'urar da allurarta ke nuna arewa) ka ga ta wace fuska ta ɓace. In harbin ya sami huhu ko zuciya (jini ja-wur, wani lokaci da kumfa), jira minti 30. In ciki ya samu (jini mai duhu gauraye da tumbi, ga wari), jira awa 6 zuwa 8 aƙalla, in kuwa yamma ce a bar shi sai da safe. Barewar da aka harba a ciki takan kwanta kusa ta mutu in an ƙyale ta, amma in an taso ta sai ta yi kilomita tana gudu, kai kana biye. Idan ka fara bi, goya jakarka. Duk taku 20 zuwa 30 ɗaura ƙyalle mai haske ko takardar bayan gida a reshe daidai tsayin ido, ka waiwaya ka tabbata kana hango wanda ka ɗaura a baya. Takardar ta fi, domin ruwa zai narkar da ita, ba ka bar shara a daji ba.

Abin da ake yi tun ba a shiga ba

Na farko, wani a gida ya san inda ka nufa. Ba "na tafi daji" ba. A rubuce: sunan hanyar, inda za ka ajiye mota, lambarta da launinta, fuskar da za ka shiga, da lokacin da in bai ji daga gare ka ba zai kira 911, lambar kiran gaggawa ta can. Sa lokacin ya zama takamaimai, misali ƙarfe 8 na dare. A yawancin jihohi ofishin sherif, wato shugaban jami'an tsaro na gunduma, ne ke jagorantar neman wanda ya ɓata, tare da jami'an kula da daji na jiha, kuma tambayarsu ta farko ita ce ina motarsa take. Bar kwafin takardar a cikin motar.

Na biyu, layin dawowa. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace araha. Buɗe taswira ka nemi wani dogon abu miƙaƙƙe da ba za ka iya tsallakewa ba ka sani ba: hanyar mota, layin turakun lantarki, kogi, layin dogo. A ce hanyar da ka ajiye mota ta tashi daga gabas ta yi yamma, kai kuma arewa da ita za ka shiga. To duk yawon da za ka yi, kudu ce gida. Rubuta a bayan hannunka in ta kama. Akwai ƙari a kan wannan: in za ka fito, kada ka saiti motar kai tsaye, domin in ka iso hanya ba ka gan ta ba, ba za ka san ko dama za ka yi ko hagu ba. Karkata da gangan zuwa gefe ɗaya, a ce kudu maso gabas kaɗan. Da ka taka hanya ka san motar tana yamma da kai.

Na uku, kamfas na hannu mai allura, wanda ba ya cin batir. Waya da manhajar taswira irin su onX Hunt ko Gaia GPS suna da amfani ƙwarai, muddin ka sauke taswirar yankin tun kana da intanet, ka kuma ɗiga alamar mota kafin ka taka. Amma sanyi yana zuƙe batir. Wayar da ke nuna kashi 40 tana iya mutuwa farat ɗaya in ta daɗe a aljihun waje. Sa ta a aljihun ciki kusa da ƙirji, kashe neman sabis, ka riƙe fawa bank da igiyarsa a wuri guda mai ɗumi. Shi ma kamfas yana da abokan gaba: bakin bindiga, wuƙa, waya, ƙarfen bel. Jingine bindiga ka matsa taku biyu ko uku kafin ka karanta. A arewacin Mishigan ƙasar kanta tana iya ruɗa allura. A watan Satumba 1844 ma'aikatan safiyo ƙarƙashin William Austin Burt suna aiki kusa da inda garin Negaunee yake yanzu, allurarsu ta riƙa juyi kamar mai bori, da suka duba ƙasa sai ga tamar ƙarfe. Idan kamfas ya nuna abin da bai shiga hankali ba, matsa mita 100 ka sake gwadawa. In ya maimaita abin da ya faɗa, shi ne mai gaskiya, kai ne ka juye.

Inda babu sabis sam, akwai na'urorin tauraron ɗan'adam. Garmin inReach tana aika saƙo da wurin da kake, amma sai da kuɗin wata. Akwai ƙaramar na'urar neman agaji da ba ta da kuɗin wata, sai dai a yi mata rajista da NOAA, hukumar gwamnatin Amurka mai kula da yanayi da teku, kuma aikinta ɗaya ne, kiran ceto. Wayoyin iPhone daga 14 zuwa sama suna iya tura saƙon gaggawa ta tauraron, sai dai suna son sararin sama a buɗe, ba ƙarƙashin duhun ganye ba.

Sutura da abin da ke cikin jaka

Auduga ita ce rigarmu ta gado, amma a wannan daji ba ta da wuri, daga singileti har safa har wandon jins. Tana shan gumi ta riƙe, ta manne a fata, ruwa kuwa yana janye zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. A jikin fata sa ulu ko yadin roba mai saurin bushewa. A kansa suwaita mai kauri ta ulu ko makamanciyarta. A waje riga mai tare iska da ruwa. Can sama kuma rigar da doka ta wajabta mai launin ruwan lemo mai ƙyalli, wadda a Wiskonsin sai ta rufe aƙalla rabin jikinka daga ƙugu zuwa sama. An sa ta ne don kada wani maharbi ya ɗauke ka dabba, amma ita ce kuma abin da mai nema zai fara hangowa.

Yadda ake sarrafa suturar ya fi yawanta muhimmanci. In za ka taka daga mota zuwa wurin kwanto, fara tafiya kana ɗan jin sanyi, babbar riga tana ɗaure a jaka. Ka isa, ka huta minti 5, sannan ka sa. In za ka ja barewa, tuɓe har sai riga ɗaya ko biyu, ka ja mita 50 ka tsaya. Janyo barewa mai kilo 70 cikin fadama yana fitar da gumi kamar noman rani, kuma da ka tsaya iska za ta mai da gumin ruwan sanyi. Iska mai gudun kilomita 30 a awa tana sa sifili ya ji a fata kamar digiri 6 ƙasa da sifili, digiri 10 ƙasa da sifili kuma kamar 20. Takalmi kada ya matse. Safa biyu cikin matsattsen takalmi sun fi safa ɗaya sanyaya ƙafa, saboda jini ba ya gudu.

Jakar ba ta bukatar wuce kilo 2 ban da ruwa. A ciki: tocilan goshi da batir na canji, usur, laita biyu, ashana mai jure ruwa a cikin ƙaramar kwalba, dunƙulen auduga 8 ko 10 da aka cuɗe da basilin (nan kam auduga tana da rana), ƙaramin zarto mai naɗewa, igiya mita 10, manyan ledojin shara masu kauri guda biyu irin na lita 200, bargon leda mai sheƙi, guntun katifar roba da za a zauna a kai, kofin ƙarfe, safa da hula da safar hannu na canji ƙulle a leda, da abinci mai mai da zaƙi: gyaɗa, dabino, cakulan, busasshen nama. Laita ɗaya da usur da wuƙa su zauna a aljihun jikinka, ba a jaka ba, don ranar da ka rabu da jakar. Gas ɗin laita ba ya tashi in sanyi ya kai sifili, saboda haka in ta ƙi kamawa ba lalacewa ta yi ba, sa ta a hammata minti 2.

Lokacin da ka gane ka ɓata

Alamar farko ba a daji take ba, a jikinka take. Ƙirji ya fara bugu, ƙafa ta ƙara sauri, zuciya tana cewa hanya tana bayan wancan tudun. Nan ne ake yanke hukuncin da ke raba wanda zai kwana cikin wahala da wanda za a ɗauko. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Zauna a kan jakarka ko katifar roba. Cire harsashi daga bindiga. Sa babbar riga tun gumi bai huce ba. Sha ruwa, ci wani abu, ka ba kanka minti 10 cur a agogo ba tare da ka ɗaga ƙafa ba.

Sannan ka yi lissafi. Yaushe ne lokaci na ƙarshe da ka san inda kake, kuma minti nawa ke nan? A irin wannan daji da wuya mutum ya wuce kilomita 2 a awa, don haka in minti 30 ne, ba ka fi kilomita ɗaya daga sananne ba. Akwai dusar ƙanƙara a ƙasa? In akwai, kuma sabuwa ba ta rufe sawunka ba, bi sawunka baya, komai karkacewarsa, kada ka yanke. Kasa kunne: ƙarar mota, zarton inji, haushin kare, jirgin ƙasa. Duba waya sau ɗaya, ka kwafe lambobin wurin da kake a takarda. Gwada 911 ko da wayar ta nuna ba sabis, domin kiran gaggawa yana hawa kowane kamfani da ke kusa. In kira ya ƙi, tura gajeren saƙo ga wanda ka bari a gida, saƙo yakan ratsa inda murya ta kasa. In ka samu, faɗi lambobin wurin kafin komai, kuma daga nan kada ka gusa.

Sai babbar tambaya: hasken nawa ya rage? In rana tana bayyane, miƙa hannu ka jera yatsu tsakaninta da bakin ƙasa, kowane yatsa kamar minti 15 ne. A ƙarƙashin itatuwa duhu yana riga haka. In ya rage fiye da awa biyu, kana da kamfas da layin dawowa, jikinka a bushe, to ɗaura alama babba a inda kake ka kama fuskar da ka rubuta. Saiti wata bishiya da ke kan layin, je ka taɓa ta, sake saitin wata. In kuwa awa ɗaya ce ta rage ko ƙasa da haka, ko ba ka da tabbacin fuska, ko ka jiƙe, tafiya ta ƙare. Wannan awar ta tara itace ce. Da yawa daga masu shiga uku sun kashe ta ne wajen neman hanya, duhu ya same su a jiƙe, hannu wofi.

Tsayawa tana taimakon masu nema ma. In za su neme ka cikin da'irar kilomita 2 daga mota, fili ne na kusan murabba'in kilomita 12 da rabi. In ka ƙara gaba ya zama kilomita 4, filin ya koma 50.

Kada ka taka ƙanƙarar tafki ko kududdufi don yanke hanya. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minesota tana cewa sai sabuwar ƙanƙara garau ta kai kaurin santimita 10 kafin mutum ya taka, ta Nuwamba kuwa sau da yawa ɓawo ce kawai. Bin rafi ma, da ake cewa yana kai mutum gari, a wannan yanki fadama yakan kai shi.

Wuta da makwanci

Zaɓi wuri kusa, kada ka ɓata lokaci neman mai kyau. Ɗan tudu, bayan dutse ko gungumen da ya faɗi ta gefen da iska ba ta bugu, kusa da busasshen itace, kuma in da hali kusa da fili inda za a hango ka daga sama. Guji kwari, domin iska mai sanyi can take taruwa da dare. Ɗaga kai ka tabbata babu mataccen reshe a samanka, babu kuma reshe mai ɗauke da dusar ƙanƙara daidai inda wuta za ta ci, don zafi zai zubo da ita ta kashe maka wutar.

Fara da shimfiɗa, ba da rufi ba. Ƙasa ta fi iska satar zafin wanda ya zauna. Sassaro rassan bishiyoyin nan masu ganye kamar allura waɗanda ba sa kaɗewa da hunturu, ka jibga su har su kai gwiwa, domin in ka hau za su lotsa su koma kamar taƙi ɗaya. Ɗora katifar roba a kai. Leda ɗaya ka huda mata ƙofar fuska kusa da gindinta ka zura ta daga kai, ɗayar ka zura ƙafafu ko ka tsaga ta ka ɗaure da igiya ta zama rufi mai gangara a bayanka. Kada ka yi numfashi cikin ledar ko cikin riga, tururin baki zai jiƙa ka.

Itace kala uku ake tarawa, kuma a tara duka kafin a ƙyasta. Ƙirare sirara kamar tsinken tsintsiya, cike da hannu biyu: ana samun su a ƙasan waɗannan bishiyoyi masu ganyen allura, matattun rassa ne manne da gindi, sukan zauna a bushe ko ana ruwa. Sai masu kaurin yatsa, runguma guda. Sai masu kaurin damtse zuwa sama. Na tsaye da ya mutu ya fi na kwance a ƙasa, in ya karye da ƙara ƙas, ya bushe, in ya lanƙwashe, bar shi. Akwai bishiya mai farin ɓawo da ke saɓulewa kamar takarda, suna kiranta birch. Ɓawonta yana da mai, yana kamawa ko da danshi, ka cika aljihu da shi duk inda ka gan shi. Yawan itace kuwa, dare awa 14 ne. Tarin da ya kai ƙugu, faɗinsa kamar tsawon mutum, shi ne farkon magana, in haske ya rage ka ƙara. Dogayen gungume ba sai ka sare ba, tura bakinsu cikin wuta kana matsarwa.

Share dusar ƙanƙara har ƙasa, ko ka jera ɗanyun itace masu kauri su zama dandamali. Buɗe dunƙulen auduga mai basilin ya yi gashi-gashi, ƙyasta, zai ci minti 3 zuwa 4. Ɗora ƙirare a hankali, bar wa iska hanya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora mai kauri da wuri, saboda hannu yana rawa mutum yana gaggawa. In yatsu sun ƙage har ba ka iya haɗa babban yatsa da ƙaramin, tsaya ka cusa hannu a hammata ko tsakanin cinyoyi sai sun saki. Wannan gwajin ka riƙa yin sa tun da rana, shi ke gaya maka lokacin hura wuta ya yi tun kana iyawa.

Ƙaramar wuta da za ka matsa kusa da ita ta fi babba mai cin itace. Zauna tsakaninta da dutsen ko rufin, zafi ya dawo maka ta baya. Canza safa. Jiƙaƙƙun ka shanya nesa kaɗan, takalmi kuma kada ya kusanci harshen wuta, roba tana narkewa, fata tana ƙanƙancewa, gobe ba abin takawa. Kada ka ci dusar ƙanƙara, narkar da ita a kofi, ka fara da ɗan ruwa a ƙasa kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kofi goma na sabuwar dusa da ƙyar ke ba da kofi ɗaya na ruwa. Sha da ɗumi, ka ci wani abu duk awa biyu, domin rawar ɗari abinci take ƙonawa. In kana tare da barewar da ka kashe, ga nama, gasa. Taba tana tsuke jijiyoyin yatsu, giya kuma, in abokin tafiya ya miƙo da sunan magani, tana buɗe jijiyoyin fata ne zafi ya tsere. Batun salla, wannan halin na taimama ne, a kan dutse ko ƙasa. An ruwaito Amru ɗan Asi ya yi haka a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, Annabi (SAW) bai hana ba. Daga Mishigan alƙibla arewa maso gabas take.

Kiran taimako uku-uku ne: busa usur sau uku, dakata, saurara, maimaita duk minti 10 ko 15. Ihu yana kashe murya cikin ɗan lokaci kuma bai kai usur nisa ba. Harbi uku a jere da tazara daidai shi ma alama ce, amma da rana a lokacin farauta ba mai kula, kowa harbi yake. Bari sai bayan duhu ya yi, lokacin da doka ta hana harbi, nan ne kunne ke tsayawa a kai. Saiti tudun ƙasa mai laushi, kada ka harba sama, kuma kada ka ƙarar da harsashi a zagaye ɗaya.

In wuta ta ƙi sam, ba a mutu ba. Shiga ledoji, cusa busasshen ganye tsakanin riga da riga, zauna a kan rassan ka haɗa gwiwa da ƙirji, jaka a baya. Duk lokacin da rawar ɗari ta tsananta tashi ka yi tsugunne-tashi 20 ko 30, ka tsaya kafin gumi ya fito.

Idan zafin jiki ya fara faɗuwa

Zafin cikin jiki digiri 37 ne. Daga 35 zuwa 32 mutum yana karkarwa sosai, hannu ba ya riƙe abu, yana tuntuɓe, magana tana sarƙewa, ga saurin fushi ko shiru marar dalili. Daga 32 zuwa 28 karkarwa tana raguwa har ta tsaya, hankali yana gushewa, wani har ya fara tuɓe riga yana cewa zafi yake ji. An sha tsintar waɗanda sanyi ya kashe da tufafinsu a warwatse a gefe. Ƙasa da 28 sai suma. Mugun abin shi ne ƙwaƙwalwa ce ke fara tafiya, mai ciwon ba ya ganin ciwonsa. In ku biyu ne, kowa ya sa ido a kan ɗan'uwansa, kuma wanda ya daina karkarwa alhali bai sami ɗumi ba, ba sauƙi ya samu ba.

Mai karkarwa da ke cikin hayyacinsa: raba shi da iska da ƙasa, cire jiƙaƙƙun kaya in akwai busassu, naɗe shi har kai, ba shi abin sha mai ɗumi da sukari sosai, ka bar shi ya huta aƙalla minti 30 kafin a gwada tafiya. Wanda ya rikice ko ya suma: kwantar da shi a miƙe, juya shi a hankali kamar ƙwai, domin zuciyar da ta yi sanyi jijjiga kaɗan na iya birkita bugunta. Kada a ɗura masa komai, kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a tsayar da shi. Ɗumi a ƙirji da hammata da baya ake sawa, gorar ruwan ɗumi naɗe a safa, ba a kan fata tsirara ba. In za a duba numfashi da bugun wuya a ɗauki minti ɗaya cikakke, saboda sukan yi rauni ƙwarai. Likitoci ba sa yanke ƙauna ga irin wannan sai sun ɗumama shi, don haka ko ya yi kama da gawa a kai shi asibiti.

Yatsa ko kunne ko hancin da ya yi fari, ya mutu ba ya ji, ya fara daskarewa. In sama-sama ne, ɗumin hammata ko tafin hannu ya isa. In ya yi tauri kamar itace, kada a goga masa dusar ƙanƙara, kada a gasa shi a wuta, tunda ba ya jin ƙuna. Ana narkar da shi ne a ruwa mai digiri 37 zuwa 39, kuma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba. Ƙafar da aka narkar ta sake daskarewa ta fi lalacewa a kan wadda aka taka a daskare zuwa mota.

Da gari ya waye

In ka bar saƙo a gida, ana nemanka, zauna inda kake. Zuba ɗanyen ganye a wuta hayaƙi ya tashi, shimfiɗa rigar ruwan lemo da bargon mai sheƙi a fili, ci gaba da usur. In ba wanda ya san ka fito, jira haske ya cika, ci abinci, kashe wutar da dusa har toka ta yi sanyi, ka bar takarda mai faɗin lokaci da fuskar da ka bi, sannan ka kama layin dawowa kana ɗaura alama. Barewar ka rataya mata ƙyalle ka ɗiga wurinta a waya in da sauran caji. In an cire mata kayan ciki, a sanyin da bai haura digiri 4 ba naman ba zai lalace kafin ku dawo da mutane ba.

In ka iso mota ka tarar dusa ta rufe hanya, zauna a ciki. Tone bakin salansa ka tabbata ba abin da ya toshe shi, sauke gilashi kaɗan ta gefen da iska ba ta bugu, kunna inji minti 10 a kowace awa, kuma kada barci ya ɗauke ka inji yana aiki, don hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. Da ka sami sabis, kira wanda ka bari a gida da ofishin sherif tun kafin ka tuƙa, saboda akwai mutanen da ke cikin fadama tun asuba suna kiran sunanka.